Tsakanin Zane da Wando: Tarihin Salwar Kamis a Ƙasashen Indiya da Pakistan

Gabatarwa

Akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a bakin jama'a, har da wasu masu ilmi, cewa matan Kudancin Asiya sun kasu kashi biyu ta fuskar sutura. Wai mabiya addinin Hindu su ne masu ɗaura sari, watau dogon zanen nan da ba a ɗinkawa, wanda suka gada tun kaka da kakanni. Musulmi kuwa su ne masu sa salwar kamis, watau riga da wando da mayafi, wadda baƙi mahara suka shigo da ita daga arewa. Zancen yana da daɗin ji, yana kuma da sauƙin riƙewa, amma idan aka auna shi da abin da tarihi ya nuna sai a tarar bai cika mudu ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun salwar kamis tun daga asalinta, don a nuna cewa yanayin ƙasa da hawan doki da fadar sarakuna da makarantar 'yan mata sun fi addini tasiri wajen yaɗuwarta, kuma laƙabin addini da aka liƙa mata abu ne na baya-bayan nan, wanda siyasar ƙarni na 20 ta haifar.

Siffar suturar da asalin sunayenta

Suturar kashi uku ce. Salwar, ko shalwar kamar yadda mutanen Pakistan suke furtawa, shi ne wandon. Yana da faɗi ƙwarai daga sama, ana zura masa zariya a ƙubaka a tattare shi a ƙugu, sa'an nan ya tsuke a idon sawu, inda ake yi masa ɗinki mai kauri don bakin ƙafar ya tsaya. Wanda ya san wando buje mai kamun ƙafa ba zai sha wuyar gane shi ba. Kamis ita ce rigar, wadda takan sauko zuwa gwiwa ko ƙasa da haka, da tsaga a gefen dama da na hagu don mai ita ta sami sakewa wajen tafiya da zama a ƙasa. Na uku shi ne dupatta, wanda mutanen Panjab suke kira cunni, mayafi ne mai tsawon kamar mita biyu da rabi, ana yafa shi a kafaɗa ya rufe ƙirji, a kuma ja shi bisa kai idan an zo gaban manya ko wurin ibada. Akwai wani nau'in wandon da ake kira curidar, wanda ake yanka ƙyallensa a karkace don ya kama ƙafa, a kuma yi shi ya fi ƙafar tsawo, saboda rarar ta tattaru a idon sawu kamar an jera awarwaro. Daga nan ya sami sunansa, domin curi shi ne awarwaro a harshen Hindi da Urdu.

Kalmar shalwar ta Farisanci ce, kuma daga tushenta ne Larabawa suka sami sirwal. Kamis kuwa daga ƙamis ta Larabci take, kalmar da ta zo sau 6 a cikin Alƙur'ani mai girma, dukkansu a Suratu Yusuf. Masana harshe da dama suna danganta ta da kamisiya ta Latin. Dupatta ita ce 'yar gida, daga kalmomin da ke nufin biyu da kuma ƙyalle. Watau ke nan sunan suturar kansa ya haɗa Farisa da Larabawa da ƙasar Hindu. To, amma aron suna bai tabbatar da aron abu ba. Sau da yawa mutane sukan sauya wa abin da suke da shi suna, idan harshen masu mulki ya yi rinjaye, kuma Farisanci ya yi ɗaruruwan shekaru yana harshen fada da ofis a arewacin Indiya.

Ɗaurawa da ɗinkawa kafin zuwan Musulunci

Babu jayayya a kan cewa ɗaura zane shi ne tsohuwar al'adar mafi yawan mutanen wannan yanki. An tono ɓurɓushin saƙar auduga a kufan Mohenjo-daro, a kwarin kogin Indus, wadda ta haura shekara 4,000, kuma gumakan dutse na zamanin da sun nuna maza da mata da ƙyalle ɗaya a ƙugu, wani a kafaɗa. A ƙasa mai zafi da damshi, inda auduga take a wadace kuma masaƙa suka gwanance, babu abin da ya fi wannan dacewa. Daɗin daɗawa, addinin Hindu ya ɗauki ƙyallen da allura ba ta taɓa ba a matsayin wanda ya fi tsarki, shi ya sa masu hidimar ɗakunan bauta suke ɗaura shi. Wannan ra'ayi ba zai zama baƙo ga wanda ya ga alhazai cikin harami ba, ko da yake dalilan sun bambanta.

Wando kuwa ɗan sanyi ne, ɗan sirdi. Mafi tsufan wandunan da aka samu a duniya an tono su ne a kaburburan Yanghai, kusa da Turfan a yammacin ƙasar Sin, sun kai kimanin shekara 3,000, kuma mahaya dawaki ne aka binne da su. Makiyayan tsakiyar Asiya da mutanen Farisa sun riƙe wannan sutura, maza da mata, kuma duk lokacin da wani ayarinsu ya gangaro ta mashigin Khaibar zuwa filayen Panjab, da wandonsa yake zuwa. Haka Sakawa suka zo, haka Kushanawa. A gidan tarihi na Matura akwai gunkin Sarki Kanishka na Kushan, wanda ya hau mulki wajen shekara ta 127 Miladiyya. Kan gunkin ya ɓata, amma doguwar rigarsa ɗinkakkiya da manyan takalman hawa suna nan a fili. Wannan sarki ya yi suna ne wajen ɗaukaka addinin Buddha, kuma ya riga Musulunci da kusan shekara 500. Sarakunan Gupta da suka biyo baya, waɗanda mabiya addinin Hindu ne, sun buga kuɗin zinariya da siffarsu cikin riga da wando irin na Kushanawa.

Hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi tana cikin littafin Albiruni a kan ƙasar Hindu, wanda ya kammala wajen 1030. Wannan malami ya zauna a arewa maso yammacin ƙasar, ya koyi Sanskirit, ya bayyana al'adun mutanen da ya gani. Ya faɗi cewa wasunsu ɗan ƙyalle kaɗan ya ishe su, amma masu son yawan tufa suna sa wasu manyan wanduna da aka cusa wa auduga, masu girman da har ƙafa ba ta ganuwa, ya kuma ambaci wasu riguna da ake kira kurtaka masu tsaga a dama da hagu. Abin lura shi ne Albiruni yana bayanin mabiya addinin Hindu ne, shekara fiye da 170 kafin a kafa daular Musulmi a Delhi. Saboda haka batun cewa Musulmi ne suka kai wa Indiya allura da wando ba shi da makama.

Fadar Delhi da ta Mugal

Abin da sarakunan Musulmi suka yi shi ne suka ɗaukaka darajar ɗinki. Daga lokacin da Lahor ta shiga hannun Gaznawiyawa a farkon ƙarni na 11, zuwa kafa sarautar Delhi a 1206, zuwa nasarar Zahiruddin Babar a Panipat a 1526, riga da wando sun zama tufafin masu mulki, kuma duk mai neman kusanci da fada sai ya kwaikwaya, ko mene ne addininsa. Babar kansa, a cikin littafin tarihin rayuwarsa, ya yi mamakin ƙarancin tufafin talakawan Hindustan, inda ya ce matansu ƙyalle ɗaya suke ɗaurawa, rabi a ƙugu rabi a kai. Idon baƙo ne da ya fito daga ƙasar dusar ƙanƙara, bai kuwa ɓoye ƙyamarsa ba.

Jikansa Akbar ya ɗauki wata hanya dabam. Abul Fazal ya rubuta a cikin Ain-i-Akbari, a ƙarshen ƙarni na 16, cewa sarkin ya raɗa wa tufafin fada sababbin sunaye: rigar da ake kira jama ya ce a kira ta sarbgati, wandon da ake kira izar ya ce a kira shi yar-pirahan, watau abokin riga. Sunayen ba su ɗore ba, amma sun nuna cewa tun a wancan zamani masu mulki sun fahimci cewa sunan tufa yana iya raba jama'a ko ya haɗa su. Matan fada suna sa peshwaz, doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba, ta lallausan yadin Dakka wanda ake hangen jiki ta cikinsa, bisa matsattsen wando, da mayafi. Gimbiyoyin Rajput da aka auro cikin gidan sarautar sun zo da tasu shigar, watau siket mai faɗi da 'yar guntuwar riga da mayafi, kuma zane-zanen zamanin sun nuna shigar biyu a tsakar gida ɗaya, kowace tana aron wani abu daga 'yar'uwarta. Bayan daular ta raunana, biranen da suka gaje ta kowanne ya fitar da nasa salo. Lakno ta yi suna da garara, wando mai tattara a gwiwa wanda yake bajewa kamar siket, da kuma farshi, wanda tsawonsa har jan ƙasa yake yi.

Sai dai duk waɗannan tufafin 'yan gata ne, na matan da suke cikin kulle, masu barori. Salwar kamis da aka sani a yau ba daga nan ta fito kai tsaye ba. Ta fito ne daga ƙauyuka da garuruwan Panjab da ƙasar Fatanawa, inda ake sanyin hunturu, inda mace take noma da tatsar bauna da kai abinci gona. A can, Musulma da mabiyar addinin Sikh da mabiyar addinin Hindu duk shiga ɗaya suke yi, tela ɗaya yake yi musu ɗinki. Salwar mafi shahara ma, mai yawan tattara wanda yake cin yadi kusan ninki biyu na gama-gari, sunan Patiyala yake ɗauke da shi, masarautar da sarakunanta mabiya addinin Sikh ne. Har yanzu a wurare da yawa na Indiya idan aka ce shigar Panjabawa, ita ake nufi. A ɗaya gefen kuma, a Bengal, inda Musulmi suke da yawan gaske, Musulma sari take ɗaurawa kamar maƙwabciyarta. Iyakar da ta raba zane da wando ta bi tsaunuka da koguna da yanayin zafi da sanyi, ba ta bi masallaci da ɗakin bauta ba.

Sari ma ya sake kama

Kafin a ci gaba ya kamata a waiwayi sari, domin shi ma tsufan da ake ba shi yana bukatar gyara. Ƙyallen tsoho ne, amma yadda ake ɗaura shi yanzu, da bulawus da fatari a ciki, da jefa gefensa bisa kafaɗar hagu, ya samu ne a zamanin mulkin Ingilishi. A da, a Bengal da kudancin ƙasar, mata da yawa ba sa sa komai a ƙarƙashinsa. A masarautar Tarabanko, a Kerala ta yau, an ma hana matan ƙasƙantattun dangogi rufe ƙirji, sai da matan Nadar suka yi shekaru suna gwagwarmaya kafin sarki ya ba su izini a 1859. A 1864 Gyanadanandini Debi, matar Satyendranat Tagor, Ba'indiye na farko da ya shiga babban aikin gwamnatin mulkin mallaka, ta bi mijinta zuwa Bombay. Da yake dole ta fita cikin jama'a, kuma ɗaurin gidansu bai dace da haka ba, sai ta ari salon matan Farsawan birnin, ta gyara shi, ta koma Kalkata ta koya wa wasu. Daga irin wannan gyara ne ɗaurin zamani ya tsiro.

Gwagwarmayar neman 'yanci ce ta mai da sari tutar ƙasa. Tun daga ƙauracewa kayan Ingila da aka fara a 1905, zuwa ƙona tufafin waje a Bombay a 1921 a ƙarƙashin jagorancin Gandhi, farin sari na saƙar hannu ya zama alamar mace mai kishin ƙasa. Ɗaurin gargajiya iri-iri na yankuna suka fara ja da baya, ɗauri ɗaya ya mamaye makarantu da ofisoshi. Don haka lokacin da aka zo raba ƙasa, sari ya riga ya sami matsayin suturar Indiya, kuma sabuwar ƙasar da za a yanka daga jikinta tana bukatar abin da za ta nuna a matsayin nata.

Rabuwar 1947 da abin da ya biyo baya

A watan Agusta na 1947 aka raba ƙasar gida biyu, aka ja layi ta tsakiyar Panjab, Lahor ta faɗa Pakistan, Amritsar ta faɗa Indiya, alhali tsakaninsu bai wuce kilomita 50 ba. Mutane kimanin miliyan 14 zuwa 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka hallaka. Mabiya addinin Hindu da Sikh na yammacin Panjab suka kwarara gabas. Yawan mutanen Delhi, wanda yake kimanin 918,000 a ƙidayar 1941, ya kai miliyan 1.7 a ta 1951. Unguwanni irin su Lajpat Nagar da Rajindar Nagar aka gina su saboda 'yan gudun hijira. Matan da suka zo, da salwar kamis suka zo, da yawansu kuma, musamman waɗanda suka rasa mazajensu, da keken ɗinki suka riƙe 'ya'yansu. Watau suturar da za a kira ta Musulmi daga baya, waɗanda suka gudu daga ƙasar Musulmi ne suka dasa ta a babban birnin Indiya.

A Pakistan kuwa lamarin bai tafi yadda mai karatu zai zata ba. A ƙidayar 1951 Pakistan ta Gabas, watau Bengal, tana da mutum miliyan 42, ta Yamma tana da ƙasa da miliyan 34. Ma'ana, har zuwa 1971 mafi yawan matan Pakistan masu ɗaura sari ne. A Karaci ma, matan da suka yi hijira daga Delhi da Lakno da Haidarabad sun ci gaba da sari da garara, kuma Begum Ra'ana Liyakat Ali Khan, matar firayim minista na farko, da garara aka san ta. A idon manyan birni na lokacin, shalwar tufar ƙauye ce. Ko da kamfanin jiragen saman ƙasar, PIA, ya so sabunta rigunan ma'aikatansa mata a 1966, Bafaranshe ya ɗauko, Pierre Cardin, wanda ya tsara musu gajerar riga da siririn wando, 'yan matan birane kuma suka yi ta kai wa teloli su kwaikwaya.

Ɓallewar Bangaladash a 1971 ita ce ta sauya lissafi. Abin da ya rage na Pakistan shi ne lardunan Panjab da Sind da Balucistan da ƙasar Fatanawa, kuma shalwar kamis na cikin 'yan abubuwan da suka haɗa su duka. Zulfikar Ali Bhutto, wanda ya yi karatu a Amurka da Ingila kuma ya saba da kwat, ya riƙa hawa dandalin siyasa da ita, yana kiranta tufar talakawa. A wurinsa alama ce ta aji, ta nuna shi da manoma da leburori ɗaya ne. Janar Ziya'ul Haƙ, wanda ya kifar da shi a 1977, shi ya juya ta ta koma alamar addini. A farkon shekarun 1980 aka umarci ma'aikatan gwamnati su riƙa zuwa ofis da tufafin ƙasa, aka umarci mata ma'aikata da 'yan makaranta su yafa babban mayafi, aka kuma tilasta wa masu fitowa a talabijin su rufe kai da dupatta. Wata fitacciyar mai gabatar da shiri, Mehtab Channa, ta gwammace ta bar aikin da ta bi umarnin. Sari kuwa aka shiga yi masa kallon tufar Indiya, tufar masu bautar gumaka, ya fara ɓacewa daga ofisoshi da allon talabijin.

Da gwamnati ta ba tufa ma'ana, sai masu adawa suka mai da martani da tufa. A watan Fabrairu na 1986 mawaƙiya Iƙbal Bano ta hau dandali a Lahor cikin baƙin sari, ta rera wata waƙar marigayi Faiz Ahmad Faiz mai hasashen faɗuwar azzalumai, jama'a suka ruɗe da sowa. Kowa a zauren ya san abin da sarin yake faɗi tun kafin ta buɗe baki. Bayan mutuwar Ziya a 1988, Benazir Bhutto ta yi rantsuwar kama mulki ranar 2 ga Disamba cikin koriyar shalwar kamis da farin dupatta a kai, launukan tutar ƙasar. Mahaifiyarta, Nusrat Bhutto, ta yi shekaru tana fita taron gwamnati da sari, amma 'yar ba ta ga damar yin haka ba, domin shekara 11 na mulkin soja sun riga sun sauya abin da jama'a za su karɓa daga mace mai neman shugabanci. A Bangaladash kuwa, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, Khalida Ziya da ta hau mulki a 1991 da Shaikh Hasina da ta hau a 1996 duk da sari suka yi mulkinsu, babu wanda ya ce sun bar addini.

Yadda ta ci kudancin Indiya

Abin mamaki shi ne a daidai shekarun da Pakistan take kiran suturar tata, a lokacin ne ta fi yaɗuwa a Indiya. Silima ta taimaka ƙwarai. Fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 ya fito da Madhubala a matsayin Anarkali cikin doguwar riga mai baza da curidar, har yau kuma da sunan Anarkali ake kiran wannan ɗinki. A 1965 aka yi Waqt, wanda B. R. Chopra ya shirya, ƙanensa Yash Chopra ya ba da umarni, dukkansu Panjabawa masu tushe a Lahor. Bhanu Athaiya, wadda daga baya ta ci kyautar Oscar saboda tufafin fim ɗin Gandhi, ita ta tsara wa 'yar wasa Sadhana matsattsiyar kamis da curidar, 'yan matan kwaleji kuma suka ɗauka. Ta wannan hanya ce suturar ta iso idon Hausawa, tun da 'yan Labanan masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Kano da sauran biranen Arewa a shekarun 1950. Amma sunan da ya zauna mata a bakin teloli da 'yan mata shi ne ɗinkin Pakistan, abin da ke nuna cewa laƙabin da siyasa ta ba ta ya ƙetare teku tare da ita.

Sai dai silima kaɗai ba ta isa ta bayyana lamarin ba. Babban dalili shi ne fitowar 'yan mata zuwa makaranta da aiki. A al'adar kudu yarinya takan sa siket da 'yar riga, idan ta balaga ta ƙara ɗan mayafi, idan ta yi aure ta shiga sari. Da shekarun karatu suka ƙaru, aure ya ja baya, sai aka sami budurwa mai shekara 18 ko 22 wadda ta wuce siket, ba ta kai sari ba, kuma dole ta hau bas ko keke ko babur kowace safiya. Sari mita biyar da rabi ne na yadi wanda babu maɓalli ko ɗaya a jikinsa, riƙe shi gwaninta ce da ake koyo, kuma yakan zame a cikin turmutsutsu. Siket na Turawa yana bayyana ƙafa, wandon jins kuwa iyaye ba su yarda da shi ba. Salwar kamis ta rufe jiki fiye da sari ma, wanda yake barin ciki da baya a waje, ga ta kuma ba ta Turawa ba ce. Uba ya sami sutura, 'ya ta sami sakewa. Daga shekarun 1980 makarantu da yawa suka mai da ita rigar makaranta. Mukulika Banerjee da Daniel Miller, a littafinsu kan sari na 2003, sun nuna yadda wannan sauyi ya mai da sari tufar matan aure da bukukuwa a wurin 'yan birni da yawa.

Ba a karɓe ta salin-alin ba. A Kerala sai a 2008 gwamnati ta ba malaman makaranta mata izinin zuwa aiki da curidar. Babban ɗakin bauta na Guruwayur ya yarda mata su shiga da ita a 2007, bayan doguwar muhawara. Da jami'in da ke kula da ɗakin bauta na Padmanabaswami ya ba da irin wannan izini a watan Nuwamba na 2016, ƙungiyoyi suka tayar da ƙura, babbar kotun jihar kuma ta soke izinin a watan Disamba. Hujjar masu hanawa a nan ita ce tsohuwar maganar tsarkin ƙyallen da ba a ɗinka ba, da kuma cewa shigar ta mutanen arewa ce.

A ƙasar baƙi

Panjabawan da suka yi ƙaura zuwa Ingila bayan yaƙin duniya na biyu sun tafi da ita Southall da Bradford da Birmingham, inda aka daɗe ana yi mata kallon tufar baƙin haure, har wasu makarantu da masana'antu suka riƙa hana sa ta. Darajarta ta tashi a idon Turawa lokacin da Gimbiya Diana ta sa ta a ziyararta ta Lahor a 1996. To, amma a Ingila ɗin ne aka yi shari'ar da ta juya laƙabinta a karo na uku. Makarantar sakandare ta Denbigh, a garin Luton, wadda a lokacin kusan kashi 79 cikin 100 na ɗalibanta Musulmi ne, ta sa shalwar kamis cikin rigunan makarantar da ta amince da su, bayan shawara da iyaye da limaman masallatan garin. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka sa makarantar ta zaɓe ta shi ne 'yan mata Musulmi da mabiya addinin Hindu da Sikh duk suna sa ta, saboda haka ba za ta rarrabe ɗalibai ba. A watan Satumba na 2002 wata ɗaliba, 'yar asalin Bangaladash, ta zo da jilbabi, ta ce shalwar kamis ba ta cika sharaɗin suturar Musulma baliga ba. Makaranta ta ce ta koma ta sako rigar makaranta, ita kuwa ta ƙi, ta yi kusan shekara biyu ba ta shiga aji ba. Ƙarar ta faɗi a babbar kotu, ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara, sa'an nan ranar 22 ga Maris na 2006 alƙalan Majalisar Dattawan Ingila, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka ba makarantar gaskiya.